Askin Ciyawar Inna

Zuwa ga Kawu mai aski,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya da uba, ina gaida Anti, da fatan gajiyar ƙaura ta sake ku. Yaya jikin Inna? Yaya kunnen naka? Ni lafiya ƙalau na iso asibitin da aka turo ni, sai dai asibitin a baki ne kawai: ɗaki biyu da baranda, ni kaɗai ce unguwarzoma, ga kogi tsakaninmu da babbar hanya. Waya ba ta shiga nan, kai kuma ko ta shiga ba ji za ka yi ba, don haka sai mu koma takarda. Direban motar da ke kawo mana magani ya yarda zai riƙa kai mana yana kawowa.

Kawu, ban san da bakin da zan gode maka ba. Kai da Inna sai an zauna an jero kakanni kafin a gano inda kuka haɗu, amma da ɓarin jikinta ya shanye, magana ta ɗauke, kai ne ka kwashe shagonka ka baro garinku ka tare a gidanmu, waɗanda suka fi ka kusa suna ta kawo uzuri. Allah ya biya ka.

Ga wata ƙaramar alfarma. Ciyawar adon nan da ke ƙarƙashin tagar ɗakinta, ka kula min da ita. Na san za ka yi dariya, duk wanda ya shigo gidanmu sai ya tambayi abin da ya kai mutum noman ciyawa a tsakar gida. Marigayi Baba ne ya zo da ita daga wata tafiya, zamanin yana jan babbar mota, ɗan dunƙule da bai cika tafin hannu ba, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Inna ta dasa ta tun kafin a haife ni, kuma har yau ita ce dai: ta bushe da rani, ta farfaɗo da damina. Daga gadon da Inna take kwance, ita kaɗai take gani ta taga, sai katanga.

Ba ta da wahala. Ba ta son ruwa da yawa, ba ta son taki da yawa, rana take so. Inna da hannunta take yi mata aski idan lokacin ya yi, ba ta taɓa yarda wani ya kusance ta da almakashi ba. Yanzu da hannun ya ƙi, wa ya fi ka cancanta?

'Yarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta 'yar gidana,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na karanta, Antinki ta ƙwace ta karanta, sannan na shiga na karanta wa Yaya, wato Innarki, da ƙarfi, wai har maƙwabta sun ji labarin asibitinki. Jikin Yaya da sauƙi, tana cin rabin kwano idan an lallaɓa ta. Antinki ke yi mata wanka da juyi. Kunnena yana nan yadda kika bar shi, abin da na ga dama nake ji. Na sami ɗan shago a ƙarshen layinku kusa da tela, mutanen unguwa sun fara miƙo min kawunansu, da ɗar-ɗar dai tukuna.

Maganar godiya ki bar ta. Yaya ta goya ni ina yaro a wani zuwa da suka yi garinmu, ke ba ki san wannan ba.

To, ciyawa. Na yi dariyar kamar yadda kika ce. Amma washegari da sassafe na fito da buta, sai na tsaya a kanta, kuma tsakani da Allah na daɗe ban motsa ba. Kowane ganye siriri ne, da farin layi a tsakiyarsa kamar an ja da alli, kuma a bakin kowane ɗaya akwai ɗigon raɓa guda, bai faɗi ba, bai gangara ba. Wa ya zauna ya jera su? Iska ta ɗan taso, sai na ga ta kwanta gaba ɗaya ta sake miƙewa. Antinki ta ce tana yin wata ƙara mai daɗi. Ni ban ji ba, sai na cusa tafin hannuna a cikinta, na ji ƙarar a fatata. Na tsufa ina shafa gashi, ban taɓa shafa mai rai irin wannan ba.

Na lura ta ɗan yi buzu-buzu, sai na gyara mata fuska yadda ya kamata. Ina cikin aikin na ɗaga kai na ga Yaya ta taga, ta kafe ni da ido, hawaye na zuba, tana ta buga katifa da hannunta mai lafiya. Na ce mata, “Yaya, ki yi haƙuri, Allah ya jiƙan maigidanki.” Na san shi ta tuna. Ni ma sai da idona ya kawo ruwa.

Ki riƙa cin abinci, na san halinki.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ina gaida Anti da Inna. Ina lafiya, ina kuma cin abinci, ka kwantar da hankalinka. Ruwa ya kankama a nan, matan ƙauyukan kuwa kamar sun haɗa baki, kowace sai lokacin da hanya ta caɓe take tashi haihuwa.

Na ji daɗin gyaran da ka ce ka yi mata, dama busasshen ganye yakan taru a gindinta. Ka ci gaba, Allah ya ba da lada. Na kuma yi dariya da na ga ciyawar Inna ta kama ka tun ba a je ko'ina ba. Kawu, ai ba ka ga komai ba tukuna. Ka jira ƙarshen damina. Za ta fitar da dogayen karare da suka fi ka tsawo, kowanne da huda a kansa, fara sol, mai laushi kamar gashin jaririn da aka gama wankewa. Idan rana ta karkata ta bi ta bayanta, sai ka rantse wuta aka kunna a cikinta. Ba zan iya kwatanta maka ba.

Wannan lokacin Inna take jira duk shekara. Takan ajiye duk abin da take yi, ta jawo kujera, ta zauna har rana ta faɗi, ko magana ba ta so a yi mata. Ranar da zan taho na ce mata, “Inna, kafin ciyawarki ta yi huda kin miƙe.” Sai ta matse min hannu. Ban sani ba ko za ta miƙe, amma na san abin da take kallo a tagar nan tana jira ke nan.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya ni da Antinki. Jikin Yaya ne dai ya ɗan ja baya, zan zo kansa.

Tunda kika ba ni labarin hudar nan na ɗaura ɗamara. Na ce in dai a hannuna take, bana sai ta yi irin wadda ba ta taɓa yi ba. Kin san sirrin sana'armu: gashin da ake yawan askewa shi ne yake cika, ya yi kauri, ya yi ƙarfi. Don haka na sa mata rana duk mako, kamar yadda nake sa wa manyan mutanena. Na sayo babban almakashi, nakan daidaita samanta daidai gwiwa, shafal kamar tebur, in zagaye gefe in fitar mata da layi. Tela ya leƙo ya ce ko kan ango albarka.

Abin da zan gaya miki shi ne abin mamakin. Idan na aske ta da yamma, kafin gari ya waye kowane kara ya turo sabon harshe daga tsakiyarsa, kore shar, ya kai tsawon farce. Na kafa sanda a gefenta na ɗaura zare don in tabbatar ba idona ke yaudarata ba. Auta, kafin mako ya zagayo ta wuce zaren da kusan taƙi. Ba ta fushi, ba ta gajiya. Ka yanke ta, ta ce maka ga ni nan. Wani lokaci nakan tsuguna ina kallonta in ji tsoron Allah ya kama ni, in ce duk wannan ƙarfin a ina yake ɓoye cikin 'yar ƙasar nan da ba ta fi faɗin tabarma ba?

Yaya kuwa, abin nata ya ƙaru. Da ta hango ni da almakashi sai ta ɗauki cokali ta yi ta dukan ƙarfen gado, tana wani gurnani, har sai numfashinta ya sarƙe. Antinki ta ce ganin ciyawar ne ke tayar mata da tunanin marigayi, kuma tunani ba ya barin mara lafiya ya warke. Sai muka saki labule. Ta daina bugun, amma ta juya fuska bango, abincin ma yanzu sai cokali kaɗan. Ke da kika san aikin asibiti, ko akwai maganin buɗe ciki da za ki rubuto mana?

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaida ku. Ka yafe min gajeriyar gaisuwa.

Ka ajiye almakashin nan. Don girman Allah kada ka sake taɓa ta. Kawu, ciyawa ce, ba kan mutum ba ce. Sau ɗaya tak ake yi mata aski a shekara, can bayan ta gama huda ta bushe ƙayau, dab da sabon ruwa. A lokacin ne Inna take ɗaure ta da igiya kamar dami, ta yanke ta ƙasa, ta bar kamar taƙi guda. Lokacin da nake nufi a takardata ta farko ke nan. Da ka rubuto ka gyara mata fuska, na ɗauka busasshen ganye ka tsince.

Hudar a cikin karan take tasowa, a ɓoye, tana hawa sama a hankali. Duk karan da ka sare kansa, ka sare shi da hudarsa, ba zai sake yi ba bana. Kore shar ɗin da kake gani kana murna, ganye ne kawai.

Kuma Inna ba Baba take wa kuka ba. Kai take wa magana. Tana kwance tana kallo kana yanke mata abin da take jira, mako bayan mako, ba bakin da za ta ce ka bari, ta buga katifa, ta buga ƙarfe, ku kuma kuka sakar mata labule. Yaya za a yi ta ci abinci? Ba maganin buɗe ciki take buƙata ba. Ku ɗage labulen nan yau.

An kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, an ce kogi ya fara taɓa gada. Direba bai zo ba. Na ajiye takardar nan a bakin taga inda zan gan ta, ina ta leƙen hanya.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ki, da fatan shirun nan lafiya ce. Mun daɗe ba mu ji daga gare ki ba. Na je na sami direba, ya ce gada ta nutse, mota ba ta ƙetarawa. Ya ce zai bar wannan a hannun masu kwalekwale ko Allah zai sa wani ya haye da ita.

Ba zan ɓoye miki ba, jikin Yaya ba daɗi. Likita ya zo ya duba ta, ya ce ciwon bai ƙaru ba, ita ce ta saki. Ruwan shayi kawai ke wucewa, shi ma da ƙyar. Da zai fita ya ja ni gefe ya yi magana, ban ji ba, sai ya rubuta min a bayan takardar magani cewa in akwai wanda ya kamata ya gan ta, a sanar da shi. To na sanar da ke. Na san ba a son ranki kike can ba.

Sai kuma ki yafe min game da amanar da kika ba ni. Ganyen nan gefensa kamar zarto yake, ya tsaga min babban yatsa na dama, na raina abin, sai ya kumbura ya yi ruwa. An naɗe min shi da bandeji, ko mataji ba na iya riƙewa, shagon ma a rufe yake. Ciyawar ta samu sake, ta tashi ta wuce ƙuguna, ta yi buzu-buzu abin kunya, layin da na fitar duk ya ɓace. Wasu karare ma sun yi wani irin kauri sun miƙe sun fi sauran, ba kyan gani. Kada ki damu. An ce nan da 'yan kwanaki za a kwance bandejin, ranar da aka kwance kuwa da ita zan fara, kafin kan kowa.

Kawunki

*

Kawu,

Mai kwalekwale ya kawo takardarka yanzun nan, yana tsaye yana jirana zai koma. Ga wata a haɗe da na rubuta tuntuni, ka karanta ta kafin ka yi komai. Kada ka yanke ciyawar nan. Kada ka yanke ko ganye ɗaya. Kararen da ka ce ba kyan gani, su ne.

Na roƙe shi ya haye da ni, ya ce ruwan ya fi ƙarfin ɗaukar mutum, shi ma da kasada ya zo. Ga kuma wata mata kwance a nan da cikin 'yan biyu, ba kowa sai ni. Ka gaya wa Inna ina nan tafe da zarar ruwa ya ja. Ka gaya mata ta jira ni.

Auta

*

Auta,

Salamun alaikum. Muna nan da rai. Yatsa ya warke.

Takardunki biyu sun same ni a tsakar gida, ina zaune a kan turmi, dutsen washi a gabana, almakashi a hannuna. Da safen aka kwance bandejin. Da direba ya tsaya shan ruwa a hanya, da yanzu wani labarin nake rubuta miki.

Na karanta su duka biyun. Ban ji haushin kalamanki ba, ko ɗaya ba ki ƙara gishiri ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne cokalin nan. Ni da na yi shekaru ina fama da mutane suna min magana ba na ji, na fi kowa sanin yadda abin yake da ciwo, sai ga shi an yi min magana da ƙarfe, wadda ko kurma zai ji, na ce tunani ne.

Na shiga ɗakin na ɗage labule da hannuna. Na durƙusa a gaban gadon na karanta mata takardarki tun daga farko har ƙarshe, har wurin da kika ce ba kan mutum ba ce. Na ce, “Yaya, na ji yanzu. Na ajiye.” Na ɗauko almakashin na sa a ƙarƙashin katifarta don ta san inda yake. Ta daɗe fuskarta na bango. Can sai ta juyo, ba ni ta kalla ba, taga ta kalla. Ta ga ciyawar ta tashi. Ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya wadda ni kaina sai da na ji ta. Sannan ta dube ni, irin kallon da take min ina yaro idan na yi ɓarna.

Ta karɓi romo cokali kaɗan da yamma. Ba yawa, amma ta karɓa. Idonta na kan taga tun safe har duhu.

Yanzu ki gaya min gaskiya. Ruwa ya fara ja baya a nan. Abin da na bari zai yi huda bana, ko na gama da shi? Don na ga alama abin da ta riƙe ke nan, in ya wuce ban san da me za mu riƙe ta ba.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina neman afuwa. Na yi maka magana kamar ba kai ne ka bar garinku saboda mu ba. Laifin rabi nawa ne, na rubuta maka abu kamar ka girma a gidan. Matar nan ta sauka lafiya, 'yan biyu mata. Ruwa ya fara ja, amma gadar ta karye, sai an gyara.

Gaskiyar ita ce ban sani ba. Inna ba ta taɓa yanke ta da damina ba balle in san abin da ke biyo baya. Amma ga abin da na ga tana yi. Ka bi kararen nan masu kauri, ka kama kusa da sama tsakanin yatsa biyu, a hankali, kada ka matsa. Idan ka ji fayau, babu komai. Idan ka ji ya cika ya yi taushi kamar da abu a naɗe a ciki, to ta yi ciki, saura fitowa. Ka ga aikina ya biyo ka har gida.

Kada tausayi ya sa ka zuba mata taki, ganye kawai za ta ƙara. Idan ruwan sama ya ɗauke, ka ba ta bokiti guda a gindi idan ƙasar ta bushe, ba kullum ba. Ka janye igiyar shanya daga wajen, inuwa ba ta yi mata. Ka sa doguwar riga da safar hannu in za ka shiga cikinta. Bayan wannan babu abin da za ka yi sai jira, kuma na san shi ne zai fi yi maka wuya.

Ka shafa min kan Inna.

Auta

*

Auta 'yar gidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, Antinki na gaishe ki, muna taya ki murnar 'yan biyu. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Na bi kararen kamar yadda kika ce, kullum da safe, ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu fayau. Amma can ta baya, wajen kusurwar da tankin ruwa yake, inda hannuna bai cika kaiwa ba lokacin da nake ɓarnata, na sami 'yan kaɗan da suka cika. Ban gaya wa kowa ba, ina tsoron sa rai. Shekaranjiya na ga bakin ɗaya ya tsage, wani abu mai sheƙi ya leƙo, a jiƙe, a lanƙwashe. Jiya da hantsi suka fito duka. Yawansu bai kai goma ba, kuma ba su fi ni tsawo ba kamar yadda kika ce, iyakarsu kafaɗata. Amma sun fito.

Sai ga wata matsala. Daga inda kan Yaya yake, bangon taga ya tare kusurwar nan, ba ta ganin komai sai ganye. Muka gwada ɗaga ta, ta yi ƙara, jikin ya yi rauni da yawa. Gadon kuma kin san shi, ƙarfe ne, ɗakin ba wurin juya shi. Na gaya mata da baki cewa ta yi huda. Ta kalle ni kawai. Ban ga laifinta ba, ni ma da ni ne ba zan yarda da ni ba.

Ina tsaye ina susar ƙeya sai abin ya faɗo min. Na tafi shago na ciro babban madubin bango, tela ya kama min muka kawo shi, muka jingina shi da katanga yana fuskantar kusurwar. Na ba Antinki ƙaramin madubin hannu, wanda nake nuna wa mutum ƙeyarsa in na gama aski, na ce ta tsaya a gefen gado. Babban ya kamo hudar, ƙaramin ya kamo babban. Mun sha fama. Tana ta ƙwala min “dama, hagu,” ni kuma ba ji nake ba, sai da tela ya tsaya a taga yana min nuni da hannu. Muna cikin haka rana ta karkata.

Auta, kin ce ba za ki iya kwatanta min ba, to ni ma ba zan iya ba. Na taɓa furfura iri-iri a rayuwata, ban taɓa ganin fari irin wannan ba. Hasken bai tsaya a kanta ba, shiga cikinta ya yi, kowane silin gashi ya kama da kansa, ga wani ja-ja kaɗan a gindinsa. Iska ta taɓa su suka sunkuya tare suka ɗago, wata 'yar ƙura mai ƙyalli tana tashi daga jikinsu. Na ce Subhanallahi. Wannan abin yana naɗe cikin karan nan duk lokacin da nake bin sa da almakashi. Na ji kunya, na ji tsoro, na ji daɗi, duk a lokaci guda, kuma na yi kuka a gaban tela.

Da na shiga ɗakin, madubin ba ya hannun Antinki. Yaya ta karɓe shi da hannunta mai lafiya, ta riƙe shi da kanta, tana ɗan karkata shi tana bin su. Hasken ya faɗo mata a fuska. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi gurnani ba. Ɓarin bakinta mai motsi ya ɗaga. Muka tsaya muna kallonta har rana ta faɗi madubin ya yi duhu.

Sannan ta ɗauki cokali ta buga ƙarfen gado. Na ce me na yi kuma? Ashe kwanon da ke kan kujera take nunawa. Antinki ta ba ta, ta cinye, ta sake bugawa. Sai da aka ɗora wata tukunyar.

Yau ma tun azahar ta sa aka gyara mata matashi. Madubin yana ƙarƙashin hannunta, na miƙa hannu zan ɗauka ta harare ni, na janye. Mutum biyu na yi wa aski da safe a gaban bango, ba babban madubi ba ƙarami, na ce su yarda da ni haka nan.

Direba ya ce an fara aikin gada. Ki taho in an gama, amma kada ki shiga ruwa saboda sauri. Tana cin abinci, za ki same ta.

Kawunki